Tsakanin tablet da laftof: Shawara ga iyayen ƙetaren kogin Kaduna

Akwai wata muhawara da ta zama ruwan dare a gidajen ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa na unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, tun daga Barnawa da Narayi, har Kakuri da Makera da Television da Sabon Tasha, musamman idan lokacin komawa makaranta ya ƙarato ko an buɗe rajistar jarrabawar JAMB. Uba ya yi watanni yana tari, ko uwa ta kwashi adashi, yaro kuma ya matsa cewa a saya masa na'urar karatu kamar yadda aka saya wa sa'o'insa. Sai a tsaya ana jinjina abu biyu: kwamfutar hannu wadda ake kira tablet, mai kama da allo, wadda ake sarrafawa da yatsa, ko kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, mai murfi da madannai. Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, gidan da kuɗinsa ba za su sayi guda biyu ba, kuma yaron ya kai babbar sakandare ko ya wuce, laftof ya kamata a saya ko da ta gwanjo ce. Ga dalilaina, mai karatu ya auna da kansa.

Adalci shi ne a fara da bai wa tablet haƙƙinta, domin waɗanda suka zaɓe ta ba wawaye ba ne. Babbar hujjarsu ita ce wutar lantarki. Tablet mai lafiya kan yi kusan wuni guda da caji ɗaya, ana kuma iya ɗura mata wuta da ƙaramin batirin aljihu ko ɗan faifan sola irin na cajin waya, alhali tsohuwar laftof da batirinta ya sha jiki da ƙyar take kai awa biyu. Duk wanda ya zauna a Kaduna a watan Oktoba na 2024, lokacin da ɓarnar da aka yi wa layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ta taimaka wajen jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda, ya san wannan hujja ba ta wasa ba ce. Ga kuma fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023, ta yadda tayar da janareta don yaro ya yi karatu ya zama sai wane da wane. Bayan haka, tablet ba ta da nauyi, tana da daɗin karanta littafi, kuma ƙaramin yaro ɗan firamare yakan gane kanta cikin yini ɗaya.

To amma tambayar da ya kamata uba ya yi wa kansa kafin ya zaro kuɗi ita ce: mene ne tablet za ta yi wa gidana wanda wayar da ke aljihuna ba ta yi? Manhajar da ke cikin yawancin tablet ɗin da ake sayarwa a kasuwanninmu ita ce dai Android da ke cikin wayoyinmu. WhatsApp ɗin ɗaya ne, YouTube ɗin ɗaya ne, littafin da za a sauke a karanta shi ne dai wanda waya za ta buɗe. Bambancin kawai faɗin fuska. Ke nan wanda ya sayi tablet alhali akwai babbar waya a gida, kusan abu ɗaya ya saya sau biyu. Laftof kuwa wata aba ce dabam, domin da ita ake rubuta doguwar takarda, a tsara lissafin shago, a zana taswirar gini, a gyara hoto da bidiyo, a kuma rubuta su kansu manhajojin da tablet da waya ke aiki da su.

Shi kansa Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple wanda ya fito da iPad a 2010, ya kwatanta kwamfuta da motar ɗaukar kaya, ya nuna cewa lokacin da Amurka take ƙasar manoma kowa irin wannan mota yake buƙata, sai da mutane suka koma birane sannan ƙananan motocin shiga suka yi rinjaye. Da wannan misali yana tallar hajarsa ne, amma in aka lura da kyau mu ya yi wa nasiha. Gidan da ke da motoci uku yana iya ƙara ta shan iska. Manomin da zai sayi mota ɗaya tak a rayuwarsa, a-kori-kura ya kamata ya saya, saboda ita za ta kai shi biki ta kuma kai masararsa kasuwa. Mu a nan har yanzu a gona muke.

Mu dubi jarrabawa, wadda ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir, ta koma kwamfuta kacokan. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa da kwamfuta, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnati ta mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO kan wannan tsari. Ana iya jayayya a kan wa'adin da aka ɗiba, amma alƙibla ta riga ta bayyana. Abin da yaro zai tarar a cibiyar jarrabawar JAMB shi ne kwamfuta mai madannai da linzami. Yaron da ya shekara biyu yana shafa gilashi da yatsa, ranar da ya zauna gaban madannai, ga agogo yana tafiya, ga fargaba, zai ɓata mintoci masu tsada yana laluben haruffa. Ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.

Idan an wuce jarrabawa sai makarantar gaba. A Barnawa akwai reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna inda ake koyar da zanen gine-gine da safiyo da tsara birane. Ɗalibin da ke can ba zai rabu da manhaja irin su AutoCAD ba, ita kuma cikakkiyarta a kan kwamfuta take aiki. Haka ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna da zai rubuta kundin kammala digiri mai shafi sittin ko tamanin, da jadawali da alƙaluma. Idan abin da ke hannunsa tablet ce, ƙarshenta shagon buga takardu zai koma yana biya shafi-shafi, a buga masa da kurakurai, ya sake biya a gyara. Kuɗin da aka yi murnar an rage ranar saye, a nan za su zurare kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma abin da ya fi jarrabawa da digiri girma, wato tarihin wannan yanki namu. Kakuri da Makera ba da kallo suka yi suna ba. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wasu irin su UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan. Dubban mutane daga kowane lungu na Najeriya suka yi ƙaura zuwa wannan gefe na kogi saboda akwai abin da ake ƙerawa. Da KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, sai muka wayi gari muna sayen atamfar da wasu ƙasashe suka saƙa, 'ya'yan masaƙa kuma suka koma acaba da tura baro. Jikokin waɗancan ma'aikata su ne yau ake shawarar abin da za a saya musu. Shin za mu sake ɗora su a kan turbar sayen abin da wani ya yi, ko za mu ba su abin da za su yi nasu?

Wannan ba mafarki ba ne, domin a Barnawa ɗin nan aka kafa cibiyar CoLab a 2016, inda matasa ke koyon rubuta manhaja da sauran sana'o'in kwamfuta. A 2018 aka ƙaddamar da shirin Click-On Kaduna tare da Bankin Duniya don koya wa matasa yadda za su yi aiki ta intanet a biya su, a 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha. Duk wanda ya leƙa irin waɗannan wurare zai ga abin da ke kan tebura. Mai neman a rubuta masa manhaja daga Legas ko Ingila bai damu da unguwar da yaro ya fito ba, bai tambayi addininsa ko ƙabilarsa ba, aikin kawai yake son gani. A garin da ya sha wahalar rarrabuwa har kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabta, sana'ar da ba ta tambayar waɗannan abubuwa ba abar rainawa ba ce.

Gwamnatoci ma sun gwada, kuma gani ga wane ya isa darasi. A 2013 gwamnatin Jihar Osun ƙarƙashin Rauf Aregbesola ta ƙaddamar da tablet mai suna Opon Imo da niyyar raba wa ɗaliban babbar sakandare 150,000, aka yi ta yayatawa, bayan 'yan shekaru maganar ta yi sanyi. A shekarar ce kuma hukumar makarantun birnin Los Angeles na Amurka ta shiga shirin sama da dala biliyan 1 na bai wa kowane ɗalibi iPad, kafin ƙarshen 2014 aka dakatar da kwangilar. A Kenya, Uhuru Kenyatta ya yi alƙawarin laftof ga 'yan aji ɗaya a yaƙin zaɓen 2013, aka ɓige da raba tablet a 2016, daga baya ma'aikatar ilimi ta karkata ga gina ɗakunan kwamfuta a makarantu. Tablet tana da kyau a hoton ranar rabo, shi ya sa 'yan siyasa ke ƙaunarta. Uba mai kashe guminsa ba hoto yake nema ba.

Sai dai kada a ɗauka ita laftof laya ce. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan laftof, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi da karatun yaran ba. Na'ura ba ta maye gurbin malami, ba ta kuma maye gurbin idon iyaye. Laftof ɗin da aka miƙa wa yaro ba tare da an sa shi koyon komai ba, gidan sinima za ta zama, sai dai mai tsada. Saboda haka duk wanda zai saya, ya ware wani abu na kuɗin koyo, ya kuma riƙa tambayar yaron a ƙarshen kowane mako ya nuna masa abin da ya yi da hannunsa.

Game da tsada, gaskiya ne tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024, sabuwar laftof ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Amma tsakanin tablet mai nagarta da laftof ta gwanjo irin wadda ofisoshin Turai suka sallama, su ThinkPad da Latitude da EliteBook, ratar ba ta da yawa. Tablet mai arhar gaske kuwa, araha ba ta ado: ma'ajiyarta kan cika da wuri, kamfanin kan daina sabunta mata manhaja, in gilashin ya fashe kuɗin gyara ya kusa na sabuwa, batirin kuma a liƙe yake ciki. Irin waɗancan laftof ɗin kuwa da sukurori aka ɗaure su. Mai gyara zai canza batir, ya ƙara ƙwaƙwalwa, ya sa sabuwar ma'ajiya mai sauri, ta yi wa wa aiki ta gangaro kan ƙane.

Mai sayen gwanjo ya kula da abu uku. Na farko, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 na kyauta daga 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na 8, don haka a tambayi zubin kafin a biya, ko a shirya sa mata Linux wadda kyauta ce. Na biyu, a cire caja a gwada batir a gaban mai shago, a danna kowane harafi, a karɓi rasit da wa'adin mayarwa a rubuce. Na uku, a je da wanda ya san kan abin, domin kyan ɗan maciji ya yi yawa a kasuwar kayan lantarki. Matsalar wuta kuwa, sabon batir da caji a makaranta ko shago kan rage ta, wasu samfurin ma suna karɓar caji daga babban batirin aljihu.

Wa ya kamata ya sayi tablet? Gidan da ya riga ya mallaki kwamfuta, ko mai yara 'yan firamare da ke koyon baƙi da ƙirga, ko dattijon da idonsa ya gaji da ƙananan rubutun waya, ko mai zane da alƙalamin gilashi. Ga waɗannan, kuɗinsu bai faɗi banza ba. Wanda kuma ya riga ya saya wa babban yaro, kada ya zauna cizon yatsa, ya nemi madannai na haɗawa da ita, yaron ya fara saba hannu kafin Allah Ya hore ta gaba.

Kira na ƙarshe ga masu makarantun kuɗi da ke wajabta wa iyaye sayen tablet ta hannunsu, da kuma hukumomin ilimi na jiha: ɗakin kwamfuta ɗaya mai sola da malami ƙwararre zai amfani ɗaruruwan yara shekara da shekaru, fiye da allunan gilashin da za su farfashe kafin zango ya ƙare. Iyayenmu sun tsaya gaban injin saƙa sun ciyar da gidaje, sun gina unguwannin da muke ciki. Injin wannan zamani madannai gare shi, kuma a hannunmu yake mu zaunar da 'ya'yanmu a gabansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.