Hasumiyoyin Sardiniya: shaidun da ba su da baki

A wannan mako za mu ƙetara Bahar Rum zuwa Sardiniya, tsibirin ƙasar Italiya da ke kudu da Korsika. Duk inda matafiyi ya bi cikin karkarar tsibirin, sai ya hango tsohuwar hasumiyar dutse bisa tudu, gindinta da faɗi, samanta a tsuke, kamar rumbun da aka cire wa jinka. Sunanta nurage, kuma kimanin 7,000 ne suka rage. Da sunan nan masana ke kiran al'ummar da ta gina su, wadda ta taso wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun Rumawa ba su ci tsibirin ba a shekara ta 238 kafin haihuwarsa.

Mutanen nan ba su bar rubutu ba. Babu jerin sarakuna, babu takardar haraji. Wanda ke son labarinsu, sai ya je ya tambayi dutse.

Wurin farawa shi ne Su Nuraxi, a gefen ƙauyen Barumini, kimanin kilometir 60 arewa da Kaliyari, babban birnin tsibirin. Ƙasa ta daɗe da binne ginin, har ya zama tudu. Wani masani ɗan ƙauyen, Giovanni Lilliu, shi ya tone shi a shekarun 1950. Sai ga hasumiyar tsakiya, wadda tsayinta na asali ya wuce metir 18, da wasu huɗu kewaye da ita, da ganuwa, da kufan ɗakuna masu yawa. A 1997 Unesko ta sanya wurin cikin kayan gadon duniya. Ba a shiga sai da jagora.

Abin lura a ciki shi ne gini ba siminti. An ɗora manyan baƙaƙen duwatsu sahu bisa sahu, kowane sahu yana ɗan shigowa ciki, har suka haɗu a sama suka zama rufi. Matakala kuwa cikin kaurin bango take. Nauyin dutsen shi ke riƙe da dutsen, fiye da shekaru 3,000.

Daga nan sai rijiyar Santa Cristina, kusa da Paulilatino, inda suke bauta: matakala 25 na sassaƙaƙƙen dutse suna gangarawa zuwa ga ruwa, a jere kamar an ja su da igiyar awo. A Cabras kuma akwai gumakan mayaƙa da ƴan dambe, wasu sun fi metir 2, waɗanda manoma suka ci karo da su a gona a 1974.

Ƴan kasuwa, ga naku. An samu curin jan ƙarfe masu siffar shimfiɗaɗɗiyar fatar sa a Sardiniya, cikakke yakan kai kusan kilo 30, kuma awo ya nuna daga ma'adinan Kubrus suka fito, can ƙarshen gabashin teku. An samu tukwanen Girka a Sardiniya, da tukwanen Sardiniya a tsibirin Kirit. Ashe masu hasumiyoyin nan abokan fatauci ne na nesa.

Ma'aikata, ga naku ku ma. A 1820 sarkin Sardiniya ya sa hannu kan dokar da ta ba da izinin killace filaye. Masu hali suka shiga neman dutsen katanga, kuma babu dutse mai sauƙi kamar wanda magabata suka riga suka tara. Nurage da yawa suka koma shingen gona. Aikin hanya da na jirgin ƙasa suka ci wasu. Wanda ya rubuta dokar gona yake tunani, amma tarihi ne ya biya kuɗin.

Don haka mai ziyara ya sani: al'ummar da ta bar littafi, in an ƙona guda akwai wani. Wadda ta bar dutse kaɗai, duk abin da aka ɗauke ya tafi ke nan. Su Nuraxi ta tsira domin ƙasa ta rufe ta, yau kuma tsaro da kuɗin shiga na baƙi ke kiyaye ta. Dubbai na can cikin makiyaya, ba mai gadi sai kunyar mai wucewa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.