Motar Daji Sai Da Direban Da Ya Iya Faci

Sanin kowa ne cewa kwalta ba ta kai ko'ina a ƙasar nan ba. Ma'aikacin lafiya da zai kai allurar rigakafi ƙauyukan Yusufari a Jihar Yobe sai ya keta tuddan yashi, malamin gona da aka tura tsaunin Mambila a Jihar Taraba kuwa sai ya hau dutse ya gangara kwari, haka nan mai duba makarantu a fadamar Haɗeja da Nguru yakan yi fama da taɓo duk damina. Aikin gwamnati a waɗannan wurare ya rataya ne a kan mota mai ja da ƙafa huɗu, ita kuwa motar ta rataya a kan tayoyinta. Ra'ayinmu shi ne, duk hukumar da ta sayi motar daji ta miƙa wa direban da bai iya faci ba, to, rabin mota ta saya.

An fara nuna Land Rover a shekarar 1948, kuma da gorar ruwa aka ƙera jikinta saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Toyota na Japan ya fito da Land Cruiser samfurin 40 a 1960, ya yi ta ƙera ta har 1984. Abin da ya ɗaukaka waɗannan motoci shi ne sauƙin gyara, domin kuwa da sufana da guduma da ɗan sanin aiki direba zai iya tayar da su a tsakiyar daji. An daina ƙera tsohon samfurin Defender a watan Janairu na 2016, amma har yanzu tsofaffin Land Rover suna ɗaukar kaya da mutane a hanyoyin Gembu, inda motocin ado suke ja da baya.

To, amma fa kome ƙarfin inji, ƙayar aduwa ɗaya ta isa ta zaunar da mota. A nan ne ake bambanta direba da mai riƙe sitiyari. Direban ƙwarai ya san cewa idan zai shiga yashi sai ya rage iskar taya zuwa wajen rabi, don ta baje a ƙasa, nauyin mota ya watsu, kada ta nitse. Ya kuma san cewa da zarar ya fito kan tsakuwa dole ya mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar zai yi ta lanƙwasa, ya ɗau zafi, ya fashe. Ya san jak ba ya tsayawa a kan rairayi sai an shimfiɗa masa katako. Idan taya mai tub ce, sai ya sa liba ya raba ta da wili, ya zaro tub ɗin, ya gano hujin da ruwan sabulu, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya jira ya sha iska kafin ya manna faci, sa'an nan ya shafa cikin tayar da hannu ya cire ƙayar, domin wanda ya manta da ita zai sake tsayawa kafin ya yi nisa. Idan kuwa marar tub ce, akwai igiyar roba da ake cusawa a toshe hujin, amma a bayan taya kaɗai take aiki, gefe in ya yage sai safaya. Duk wannan ilmi ba ya wuce koyon mako guda.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar magana ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, bayan motoci biyu da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Babu shakka babban alhaki yana wuyan masu fataucin da suka loda su, amma abin lura shi ne, a inda babu rijiya kusa, tsayawar mota ita ce ajali. Ko masu tseren Faris zuwa Dakar, da kuɗinsu da jiragensu, ba su tsira ba: a 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ya yi kwana shida a ɓace cikin hamadar Aljeriya bayan motarsu ta lalace.

Wasu za su ce zamani ya wuce tsohuwar mota, ta cika shan mai, ba ta da kariyar da sababbi suke da ita idan an yi karo. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a hana ma'aikata sabuwar mota ba. Sai dai a lura cewa Toyota ba ta daina ƙera Land Cruiser samfurin 70 ba tun 1984, domin ƙungiyoyin agaji da masu haƙar ma'adinai suna nemanta saboda sauƙin gyaranta. Motar da ba a gane ciwonta sai an jona mata kwamfuta a babban birni ta dace da kwalta, amma ba ta dace da Tulo-Tulo ba. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatu da ƙananan hukumomi su yi abu uku. Na farko, kada a ba direba motar daji sai ya cire taya, ya yi faci, ya mayar, a gaban mai jarrabawa. Na biyu, a rubuta kayan kowace mota a littafin sito: safaya biyu, famfo, liba, jak da katakonsa, shebur, akwatin faci da jarkar ruwa, kuma a ƙirga su kafin tashi da bayan dawowa. Na uku, a daina gwanjon tsofaffin motocin da gyara kaɗan suke bukata, a miƙa su ga kwalejojin fasaha, ɗalibai su koyi aiki a kansu.

Ku kuma ɗalibai da manyan ma'aikata, kada ku raina mai facin bakin hanya. Ranar da taya ta sace a inda waya ba ta kamawa, takardar shaida ba za ta hura ta ba, kuma maganin da ake jira a ƙauye sai ya lalace a bayan mota.