Wa'adin Kwana Talatin Ya Cika, Makamai Ba Su Tsaya Ba

Ranar Laraba 20 ga Nuwamban 2024, ƙasashe 14 daga cikin 15 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗaga hannu a kan a tsagaita wuta a Gaza nan take, ba tare da wani sharaɗi ba. Hannu ɗaya ya rage, na Robert Wood, mataimakin jakadan Amurka, shi kuma da ya ɗaga shi, don ya kashe ƙudurin ne. Karo na huɗu ke nan tun farkon wannan yaƙi da Amurka ke hawa kujerar na-ƙi a kan ƙudurin da zai dakatar da ruwan bamabamai a kan Falasɗinawa. A wannan karon ko Ingila, wadda ta saba ƙauracewa, ta bi sahun sauran duniya. Kuma ƙudurin bai fito daga Rasha ko Sin ba, balle a ce rikicin manya ne. Zaɓaɓɓun ƙasashe goma na kwamitin ne suka rubuta shi, ciki har da Aljeriya da Mozambik da Saliyo, har da Japan da Koriya ta Kudu, waɗanda babu mai kiran su abokan gabar Amurka.

Kujerar na-ƙi mun saba da ita. Abin da ya fi ci mana rai shi ne alkawarin da aka karya mako guda kafin ta.

A ranar 13 ga Oktoban 2024, sakataren harkokin waje Antony Blinken da sakataren tsaro Lloyd Austin sun rubuta wa gwamnatin Isra'ila wasiƙa, suka ba ta kwana talatin. Suka lissafa abubuwan da suke so dalla-dalla: a bar aƙalla manyan motoci 350 na kayan agaji su riƙa shiga Gaza kowace rana, a buɗe ƙarin mashigai, a daina killace arewacin zirin, a daina korar mutane daga wuri zuwa wuri ba gaira ba dalili. Suka kuma tuna wa Isra'ila cewa dokar Amurka ta hana bai wa kowace ƙasa makamai muddin tana toshe hanyar agajin da Amurka ke aikawa. Babu wanda ya tilasta musu rubuta wannan wasiƙa. Su suka zaɓi adadin, su suka yanka wa'adin.

Me ya faru a cikin kwanakin talatin? Sojoji suka ƙara matse Jabaliya da Beit Lahiya da Beit Hanun. Ranar 28 ga Oktoba majalisar dokokin Isra'ila ta zartar da dokar haramta ayyukan UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da a lokacin ita ce ƙashin bayan rabon abinci da magani a Gaza, duk da cewa wasiƙar ta ja kunne a kan hakan. Washegari aka rushe wani bene mai hawa biyar a Beit Lahiya a kan iyalan da suka fake a ciki, aka yi ta zaƙulo gawarwaki da hannu saboda babu motar tono, babu motar ɗaukar marasa lafiya. Asibitin Kamal Adwan da ke kusa, wanda ya kamata ya karɓi masu rauni, an riga an kama mafi yawan ma'aikatansa 'yan kwanaki kafin nan. Ranar 8 ga Nuwamba kwamitin masanan da ke auna matsananciyar yunwa a duniya ya yi gargaɗin cewa tana gab da afka wa arewacin Gaza. Motocin agaji kuwa, ko a alƙaluman Isra'ila da kanta ba su kai 100 a rana ba, a wurin da kafin yaƙi kimanin 500 ke shiga. Ƙungiyoyin agaji takwas, ciki har da Oxfam da Save the Children, suka bi sharuɗɗan wasiƙar ɗaya bayan ɗaya, guda 19. Suka ce 15 ba a cika su ba sam, huɗu an ɗan taɓa, babu ko ɗaya da aka cika gaba ɗaya.

Da ranar 12 ga Nuwamba ta zo, kakakin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya fito gaban 'yan jarida ya ce ba su ga alamar Isra'ila ta karya dokar Amurka ba, manufarsu kuma ba za ta sauya ba. Shi ke nan. A tsakanin rubuta wasiƙar da cikar wa'adin an yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 5 ga Nuwamba, kuma muna da hujjar zargin cewa an yi ta ne don kunnen masu zaɓe na jihar Michigan, ba don cikin yaran Jabaliya ba.

Matsayin wannan jarida a fili yake. Amurka ta dakatar da tura wa Isra'ila makaman kai hari har sai an buɗe hanyar abinci an kuma tsagaita wuta. Ba mu roƙe ta ta bi dokar wata ƙasa ba. Tata dokar muke nufi, wadda majalisarta ta rubuta, shugabanninta suka sa wa hannu.

Mun ji hujjar Washington, cewa Hamas ce ta kunna wannan wuta ranar 7 ga Oktoban 2023 da ta kashe mutum kimanin 1,200 ta yi garkuwa da wasu kusan 250, kuma ƙudurin bai ɗaure tsagaita wuta da sakin waɗanda ake tsare da su ba. Kisan fararen hula haramun ne ko wane ne ya yi shi, mun faɗa tun ranar farko. Amma ƙudurin da aka kashe ya nemi a saki duk waɗanda aka yi garkuwa da su nan take, rubuce yake a ciki. Kuma mafi yawan waɗanda suka koma gida da rai sun koma ne a makon tsagaita wutar Nuwamban 2023. Bom bai dawo da su ba. A Nuwamban 2024 ma'aikatar lafiya ta Gaza na lissafin mamata sama da 44,000, ban da waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzai. Laifin rana ɗaya, komai girmansa, ba ya halatta wata goma sha uku na hana jarirai madara.

Mu a Najeriya mun san waɗannan dokoki na Amurka, domin an karanta mana su a lokacin da wuƙa ke wuyanmu. A shekarar 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, Boko Haram ta kama Gwoza, ta kama Bama, ta shiga Mubi ta sauya mata suna. Najeriya ta nemi sayen jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra, ƙirar Amurka, kuma daga hannun Isra'ila za a saye su. Amurka ta hana cinikin. Daga cikin dalilan da ta bayar har da cewa ba ta gamsu da yadda sojojinmu ke kare fararen hula ba. Jakadanmu a Washington na lokacin, marigayi Adebowale Adefuye, ya yi ƙorafi a bainar jama'a. A Yulin 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya je har Washington ya ce yadda ake amfani da dokar Leahy a kanmu, dokar da ta hana taimaka wa rundunar da ake zargi da take haƙƙin ɗan Adam, ya zama taimako ga Boko Haram. Da jirgin sojanmu ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, aka jingine cinikin jiragen Super Tucano, ba su iso ba sai 2021. A shekarar ma wasu sanatocin Amurka suka riƙe cinikin wasu jiragen na tsawon watanni, duk a kan batun haƙƙin ɗan Adam.

Ba mu wanke sojojinmu ba. Abin da ya faru a Baga da barikin Giwa da Rann ya cancanci bincike, jinin waɗanda suka mutu a can kuma yana kan wuyan wasu har gobe. Idan dokar Leahy ta sa wani kwamanda ya yi tunani sau biyu kafin ya ba da umarnin harbi, to ta yi amfani. Tambayarmu ita ce, ina dokar ta shiga da aka zo kan Isra'ila? Tun da aka kafa ta a 1997 ba a taɓa yanke wa ko rundunar Isra'ila ɗaya tallafi a ƙarƙashinta ba. Bataliyar Netzah Yehuda, wadda a hannun sojojinta Omar Assad, dattijo mai kusan shekara tamanin kuma ɗan ƙasar Amurka, ya rasu a Janairun 2022 bayan an ɗaure masa hannu an toshe masa baki an yasar da shi cikin sanyin dare, an yi wata da watanni ana cewa za a hukunta ta. A Agustan 2024 aka ce ta gyara halinta. Kuskure ɗaya a Rann ya isa a jingine mana jirage. A Gaza an kai hari kan makarantu da asibitoci da sansanoni da ayarin masu agaji, har ma'aikatan World Central Kitchen bakwai a cikin motocin da ke ɗauke da tambarinsu a rufi, amma a cikin watan na Agusta aka amince da sabon cinikin makamai na dala biliyan 20, har da jiragen F-15.

Kuma ba za a ce Amurka ba ta sani ba. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, da bakinsa ya faɗa a watan Mayun 2024 cewa bamabaman Amurka sun kashe fararen hula a Gaza. Ya riƙe kaya guda na manyan bamabamai masu nauyin kilo 900 da ɗoriya, ya ce idan aka shiga Rafah ba zai ba da makamai ba. Aka shiga Rafah. Ranar 26 ga Mayu wuta ta cinye tantunan 'yan gudun hijira a Tal al-Sultan, mutum kimanin 45 suka mutu, masu bincike kuma suka tsinci ɓurɓushin bom ƙirar Amurka a cikin tokar. Rahoton da gwamnatin Biden ta miƙa wa majalisa a watan ya amince cewa akwai dalilin zaton an yi amfani da makaman Amurka ta hanyar da ta saɓa wa dokokin yaƙi, sannan a shafukan gaba ya karɓi tabbacin Isra'ila cewa komai lafiya. Jami'ai irin su Josh Paul da Stacy Gilbert sun ajiye aiki don ba za su iya sa hannu a wannan manufa ba. Dala biliyan 3.8 ake bai wa Isra'ila duk shekara bisa yarjejeniyar da Barack Obama ya ƙulla a 2016, ga ƙarin biliyoyin da majalisa ta amince da su a Afrilun 2024. Wanda ya ba da wuƙa, ya wasa ta, ya tsare ƙofa don kada a raba, ba zai ce shi ɗan kallo ne ba.

A ranar da aka hau kujerar na-ƙi a New York, Sanata Bernie Sanders, wanda shi kansa Bayahude ne, ya gabatar wa Majalisar Dattawa ƙudurorin hana sayar wa Isra'ila harsasan tankoki da wasu makaman. Ko sanata ashirin bai samu ba cikin ɗari. Duk da haka muna jinjina masa da waɗanda suka mara masa baya, da ɗaliban da suka kwana a tantuna a jami'o'i aka kama su, da Yahudawan Amurka da suka fito zanga-zanga suna cewa kada a yi wannan ɓarna da sunansu. Muna faɗin haka ne don masu karatunmu su bambance: rigimarmu da manufar gwamnati ce, ba da wata al'umma ko wani addini ba. A Gaza ma bom bai tambayi addinin kowa ba, ya kashe Kiristocin da suka fake a harabar cocin Saint Porphyrius kamar yadda ya kashe Musulmin da suka fake a masallatai.

Kwana guda bayan haka Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta fitar da sammacin kama Firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant, tare da Mohammed Deif na Hamas. Babban zargin da ke kan biyun farko shi ne mayar da yunwa makamin yaƙi, wato ainihin abin da wasiƙar Blinken da Austin ta yi kashedi a kai. Biden ya yi tir da kotun. Wannan kotun ce da ta nemi a kamo Vladimir Putin a Maris na 2023 ya ce ta yi daidai. Mu kuma ba mu manta da surutun da aka yi wa Najeriya ba da Omar al-Bashir ya zo taron Tarayyar Afirka a Abuja a 2013, ko matsin lambar da ta sa Obasanjo ya miƙa Charles Taylor a 2006. Shekara da shekaru ana koya wa Afirka cewa babu wanda ya fi ƙarfin shari'a. Mun ɗauki darasin da gaske, shi ya sa muke neman a yi aiki da shi a kan kowa.

Ba mu sa ran sauƙi daga gwamnatin da ta gaji ta Biden ba. Donald Trump ne ya mayar da ofishin jakadancin Amurka Birnin Ƙudus a 2018, a Nuwamban 2024 kuma ya zaɓi Mike Huckabee, mutumin da ya daɗe yana goyon bayan matsugunan da ake ginawa a Gaɓar Yamma, ya zama jakadansa a Isra'ila. Saboda haka a lokacin nauyin na kan Biden, wanda wa'adinsa ya kai har 20 ga Janairun 2025. Zaɓe ya wuce, ba shi da sauran ƙuri'ar da zai ji tsoron rasawa. Ba ya buƙatar amincewar majalisa kafin ya yi aiki da dokar da ke nan a rubuce. Kamata ya yi ya dakatar da makaman, ya bar ƙudurin tsagaita wuta na gaba ya wuce, kamar yadda ya bar na watan Ramadan ya wuce a Maris na 2024.

Saura namu na gida. Shugaba Bola Tinubu ya halarci taron ƙasashen Larabawa da na Musulmi a Riyadh ranar 11 ga Nuwamban 2024, ya yi kira da a tsagaita wuta a kafa ƙasashe biyu. Madalla, amma jawabi a Riyadh ba ya da tsada. Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, sai dai ita ce kuma ranar 30 ga Disamban 2014 ta ƙaurace wa ƙuri'a a Kwamitin Sulhu, ƙudurin yanka wa mamaya wa'adi ya tsaya a ƙuri'a takwas alhali tara ake nema, har Amurka ba ta ma buƙaci kujerar na-ƙi ba. Wannan tabo yana nan. Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara Kotun Duniya tun Disamban 2023, ta jure duk barazanar da ta biyo baya, ƙasashe da dama daga wasu nahiyoyi sun nemi shiga shari'ar. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya ta shiga ita ma, ta kuma bayyana a fili cewa a matsayinta na mamba a kotun manyan laifuka za ta mutunta sammacin da aka fitar. Ma'aikatar harkokin waje kuma ta gayyaci jakadan Amurka a Abuja, ta ajiye masa bayanin da ƙasarsa ta yi mana a 2014 a kan jiragen Cobra, ta nemi amsa a rubuce kan dalilin da ya sa wannan ma'auni bai hau kan Isra'ila ba.