Daga buhun gawayi zuwa hoton ƙashi

Wanda ya taɓa taya buhun gawayi a bakin hanyar Kore Mairuwa bai san yana cinikin ɗan'uwan lu'ulu'u ba. Gawayi da lu'ulu'u da bakin fensir duk asalinsu guda, wato sinadarin karbon. Jerin ƙwayoyin zarra ne ya raba su.

A bakin fensir, kowace ƙwaya tana riƙe da maƙwabta uku, sun yi saƙa mai kusurwa shida-shida kamar ta zuma. A 1991 wani masanin Japan, Sumio Iijima na kamfanin NEC, ya bayyana wannan saƙa a naɗe kamar tabarma, ta zama bututu. Mafi siririnsa, sai an jera dubu hamsin kafin a kai kaurin gashi ɗaya.

Amfanin sirantar ga shi. Injin hoton ƙashi, wanda mutanenmu ke ce wa "radiyo", tun 1913 yake aiki da dabarar Coolidge: a zafafa wayar tungsten har ta wuce digiri 2000, sannan ta saki elektoron, ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki. Bututun karbon ba ruwansa da zafi. Yadda tsawa ke zaɓar giginya mafi tsawo a Dallol Mawri, haka ƙarfin lantarki ke taruwa a tsininsa, ya fizgo elektoron nan take. Walt de Heer da abokan aikinsa suka nuna haka a Lozan ta ƙasar Suwis a 1995.

Da farko talabijin aka yi wa buri. Samsung ma ya nuna samfuri a 1999, amma allon LCD ya cinye kasuwa. Ni ban yi kukan wannan ba. Likitoci ne suka ci gajiyar: kamfanin Micro-X na Ostareliya yana ƙera injin hoto mara nauyi, mai batir, wanda ake turawa har bakin gadon majinyaci.

Yana da tasa matsala: dole bututun ya zauna inda aka zuƙe iska sarai, kuma tsininsa na cinyewa. Duk da haka, in mota ta kife a babbar hanya, mai karaya ya sha jijjiga har Dogon Dutsi ko Doso don a ga ƙashinsa, ina ganin ya kamata masu sayo wa asibitocinmu kaya su tambayi kuɗin wannan inji, da na gyaransa.