Kafin Mu Haddace Dangin Lambobi, A Nuna Mana Abin Da Ya Haife Su

Akwai wani darasi da kusan dukkanmu muka kwafa ba tare da mun gane shi ba. A farkon aljabara akan zana mana da'ira cikin da'ira a allo, a ce ga rabe-raben lambobi. Mu haddace sunayen, mu juye su ranar gwaji. Bayan wata biyu, in aka tambayi ɗayanmu me ya sa aka raba su haka, sai ya hau sosa ƙeya. A ganinmu, daga ƙarshe ake fara mana darasin.

Kowane dangin lamba, wata tambaya ce ta haife shi. In aka ce x + 3 = 5, amsa 2 ce, lambobin ƙirga sun ishe mu. To a juya: x + 5 = 3. Babu lambar ƙirgar da za ta amsa wannan. Amma mai kanti ya san amsar, domin wanda yake da naira 300 ya ɗauki kayan naira 500, ana bin sa 200. Lambobi masu alamar ragi ke nan: lissafin bashi.

Sai 3x = 2, wato burodi biyu, mutum uku. Dole a gutsura. Wannan ma ba baƙo ba ne, tunda a Islamiyya mun ji rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni a rabon gado. Duk lambar da za a iya rubutawa cikakkiya bisa cikakkiya, 'yar wannan dangi ce.

Na ƙarshe shi ya fi ba mu wuya: x sau x = 2. Mu ɗauki tabarma mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, tsawon 1.41421… ne. Ana iya auna shi da igiya, amma babu cikakkiyar lamba bisa cikakkiya da za ta ba da shi daidai. Masanan Girka sun tabbatar da haka fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kada mu ce rashin ƙarewa ne ya bambanta shi, domin sulusi ma 0.333… ne. Bambancin shi ne sulusi yana maimaita kansa, wancan kuwa ba ya yi. Haka ma pi: 3.14159… ne, 22/7 kuwa 3.14285…, kusa da shi kawai yake. Da yawanmu mun ɗauka abu ɗaya ne.

Duk waɗannan dangogi a kan layi guda suke zaune, su ne lambobi na haƙiƙa.

Ita kanta kalmar aljabara daga "al-jabr" ta fito, a sunan littafin da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Da kalmomi ya rubuta shi, babu x ko ɗaya, kuma babban sashensa a kan gado da wasiyya yake. Daga matsalolin mutane ya taso.

Mun san manhaja tana da yawa, lokaci kuma kaɗan ne. Amma tambayoyi huɗun nan ba za su ci rabin darasi ba. Roƙonmu ga malamai, a fara da su, a bar mu mu maƙale, sannan a kawo sunayen. Mu kuma ɗalibai mu daina jin kunyar cewa "Malam, me ya sa?" A fannonin karatu da yawa, ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a lissafi a WAEC ko NECO, kuma hadda ba ta amsa tambayar da aka sauya wa kama.