RA'AYINMU: Wa Zai Kula da Rijiyar?

'Yan'uwa Musulmi, a ƙauyukanmu da dama za ka tarar da rijiyar burtsatse a tsakiyar gari, ga allo ɗauke da sunan wanda ya haƙa ta, amma famfon ya ƙafe. Mata da yara sun koma tafkin da shanu ke sha. Galibi roba ce ta cinye, sai dai ba a ɗora wa kowa amanar gyara ba.

Kada a raina lamarin. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya, sai a 2013 aka tabbatar da kawar da shi. Amai da gudawa kuwa yana nan, ta gurɓataccen ruwa yake shigowa.

Sayyidina Usman bin Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya sayi rijiyar Ruma a Madina, wakafi ya yi da ita ga al'umma. Mu kuwa, abin takaici, mun fi son ranar buɗewa da jawabai, daga nan kowa ya watse.

Nasiharmu ga rassa ita ce: duk wanda zai haƙa wa ƙauye rijiya, ya haɗa da gona ko 'yan awaki a matsayin wakafi, amfaninsu ya shiga asusun gyara. A koya wa matasa biyu na garin kwance famfo da ɗaure shi. Liman da mai unguwa su riƙe lissafi, a riƙa karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Idan kuɗi ba za su ishi burtsatse da asusunta ba, a yashe tsohuwar rijiya, a ɗaure bakinta da siminti, a sa mata murfi.