Suna ba ya shiga gida biyu

Duk malamin da ya taɓa cika takardun jarrabawar BEPC a Gidigir ya san wannan azaba. An zana gida biyu a kwamfuta, na farko sunan iyali, na biyu sunan yanka, kamar yadda ake yi a Faransa. To amma wane iyali? A ƙasar Gure, Bahaushe da Bamange suna ɗaukar sunan yanka ne su jingina da na uba, wani lokaci har da na kaka. Ɗan Musa Ibrahim shi ne Abdu Musa, kuma ɗan Abdu ba zai gaji Ibrahim ba. Babu sunan da ke bin zuri'a har abada.

Sai magatakarda ya yi ta cusawa. Wannan ya sa uba a gaba, wancan ya sa shi a baya, na uku ya mai da Mahamadu ya koma Mamman domin haka ya ji ana kira. Yaro guda ya zama mutum uku, kuma ranar da takardar haihuwa ta saɓa da takardar shaidar karatu, shi za a tura kotu neman gyara, ba wanda ya zana teburin ba.

Abin ya fi muni ga masu sana'a. Ƙungiyar mata masu adashi ba ta da uba. Shagon da ke kasuwar Gidigir yana da sunansa da lambar haraji, mai shi kuma yana da nasa. In an haɗa su a layi guda, ranar da Alhaji ya rasu a rasa bashin na shago ne ko na magada.

Masu tsara waɗannan rumbunan bayanai sukan ce na'ura ce ba ta yarda. Wannan hujja ba ta karɓuwa. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999. Gyaran ma ba wuya: lamba guda ga kowane mai hulɗa, tebur na mutane dabam, na ƙungiyoyi da kamfanoni dabam, da mahaɗi tsakaninsu. Ga mutum, a buɗe gida mai faɗi na cikakken suna yadda mai shi ke faɗa, sannan na uba, na uwa, da na laƙabi, domin a karkara Tanko ko Ladi aka sani.

Ƙungiyoyin raya al'adu sun daɗe suna kukan an rubuta Guidiguir a allon hanya. Da sun nemi kujera a inda ake zana teburan rajista, da kukan ya fi amfani.